Idan dosiyen ma'aikata ya ƙi buɗewa daga gida: bayani kan faifan rezo da VPN

Wannan bayani mun tanade shi ne saboda wata matsala da ke addabar masu aiki da kwamfuta, wadda mu nan muka fi kira ordinatar. Mutum yana aiki da wata ma'aikata a Damagaram, ko Yamai, ko Kano, ko ma Faransa, ya zo Gidimuni hutun salla ko biki ko gaisuwar rasuwa, ya taho da na'urarsa da niyyar ya ci gaba da aiki daga gida. Ko kuwa ma'aikacin furoje ne da aka turo ƙauye, alhali takardun aikinsa suna can babban buro. Ya kunna na'ura, ya nemi dosiyen da ya saba buɗewa kullum, sai ya tarar da jan X a kansa. Ga rahoto ana jira kafin la'asar, wataƙila ma lissafin albashin mutane ne a ciki. Wasu nan take gabansu ke faɗuwa, su ɗauka aikin shekara guda ya salwanta. To, a mafi yawan lokuta babu abin da ya ɓace. Hanya ce ta yanke a wani wuri, kuma ana iya gano wurin in an bi a hankali.

Mene ne faifan rezo?

A ma'aikata mai mutane da yawa, ba a barin kowa ya ajiye takardun aiki a cikin na'urarsa kaɗai. Akwai babbar kwamfuta guda da ke riƙe da su, masu fasahar suna ce mata sarba, mu za mu ce mata uwar kwamfuta. Don a sauƙaƙa wa ma'aikaci, sai a ɗauki dosiye ɗaya na cikin uwar a laƙa masa harafi, misali Z ko S ko P, ya riƙa bayyana kusa da faifan C kamar a cikin na'urarsa yake. Windows na Faransanci yana kiran wannan « lecteur réseau », mu kuma faifan rezo. Harafin nan ba rumbu ba ne, allo ne kawai da ke nuna hanyar rumbu. Cikakken adireshin yana da siffa kamar haka: \\sunan-uwa\sunan-dosiye.

Yaren da kwamfutoci ke magana da shi wajen miƙa waɗannan takardu sunansa SMB, kuma yana bi ta ƙofa mai lamba 445. Ma'aikata mai hankali ba ta barin ƙofar nan a buɗe ga duk mai intanet. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga ta ɓarakar tsohon SMB, ta kulle takardun mutane a ƙasashe sama da 150, har da asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Shi ya sa wanda ke nesa sai ya fara haɗa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle da ke sa na'urarsa ta zama kamar tana zaune a cikin buro.

A nan sai mu yi gyara, don sunan yana ruɗa mutane. Da yawa sun san VPN ne daga lokacin da gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, kowa ya sauko da na kyauta a salularsa. Wancan daban ne. Yana ɓoye inda mutum yake, amma ba ya kai shi buronsu. Na aiki ma'aikata ce ke sa shi da kanta, irin su FortiClient, Cisco AnyConnect, GlobalProtect, OpenVPN ko WireGuard. In kuwa akwai na kyauta a kunne a cikin na'urar, a kashe shi tukuna, don biyun ba sa zama lafiya a wuri ɗaya. Haka kuma ma'aikatan lafiya masu shigar da alƙaluma a DHIS2, da masu ƙidaya da KoboCollect, da masu ajiya a Google Drive, su nasu ta shafin intanet ko manhajar salula yake bi, babu ruwansa da harafin Z.

A fara da mai sauƙi

Saƙon da aka fi gani da safe shi ne « Impossible de reconnecter tous les lecteurs réseau ». Dalilinsa ba wani abin tsoro ba ne. Da zarar an shiga Windows, sai ya yi hanzarin neman uwar kwamfuta, alhali ba a riga an haɗa VPN ba. Bai same ta ba, sai ya ɗora jan X, kuma ba lalle ya cire shi da kansa ba ko bayan hanya ta buɗe. Ku haɗa VPN, ku jira ya nuna ya haɗu, sannan ku danna harafin sau biyu duk da X ɗin. Sau da yawa shi ke nan, dosiye ya buɗe.

In bai buɗe ba, a duba intanet ɗin kansa. Kada WhatsApp ya yaudare ku. Saƙon WhatsApp yana da haƙuri, yakan jira ya lallaɓa ya wuce ko da rezo na numfashi sama-sama, VPN kuwa yana son hanya mai ɗorewa. Ku buɗe wani shafi da ba ku saba buɗewa ba ku gani. In forfen da kuka saya na shafukan sada zumunta ne kaɗai, VPN ba zai wuce ba. Ku kuma dubi harafin da ke saman salula: in E ne, ku haƙura ku canja wuri, in H+ ne ana iya lallaɓawa, 4G shi ne abin nema. Mai layi biyu ya gwada ɗayan, don Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms ba ƙarfinsu ɗaya ba a kowace unguwa, kuma wanda ya yi kyau da hantsi yana iya cushewa bayan magariba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin kwano yana cin rezo, a ɗora salular bakin taga. Mu a ganinmu haɗa ta da kwamfuta ta wayar USB ya fi Wi-Fi kwanciyar hankali, ga shi tana shan caji a lokaci guda.

VPN ya haɗu, amma ba a ga uwar ba

Nan ne aka fi shan wahala. VPN ya yi kore, intanet na tafiya, dosiye kuwa ya ce « Le chemin réseau n'a pas été trouvé », ko ya ba da lamba 53, ko 0x80070035. Ma'anar duka ɗaya ce: na'urarku ba ta gano hanyar zuwa uwar ba. Abu biyu ne suka fi jawo haka.

Na farko suna ne. Kwamfutoci ba sa kiran juna da suna, da lamba suke yi, wadda ake ce wa adireshin IP, misali 10.0.0.5. Akwai wani littafin sunaye, DNS, da ke fassara suna zuwa lamba. A cikin buro littafin ma'aikata ake tambaya, shi ya san uwar. Daga gida kuwa na'ura takan tambayi littafin kamfanin salula, wanda bai taɓa jin sunan ba. Gwajin ba shi da wuya. A nemi « Invite de commandes » ta hanyar rubuta cmd a wurin bincike, baƙin allo zai fito. A rubuta ping, a ba da tazara, a sa sunan uwar. In ya ce bai san sunan ba, a sake gwadawa da lambarta, wadda mai kula da kwamfutocin ma'aikata zai ba ku. Lamba ta amsa, suna bai amsa ba? To laifin littafin sunaye ne. Kafin a gyara, ana iya buɗe dosiyen da lamba a madadin suna, ko da cikakken suna mai haɗe da na ma'aikata. Umurnin ipconfig /flushdns kuma yana goge tsofaffin amsoshin da na'ura ta riƙe. Sai dai a sani, wasu ma'aikatu suna hana uwar amsa ping da gangan, saboda haka shirunta ba hujja ba ne cewa ta mutu. Gwajin da ya fi tabbas yana cikin PowerShell: Test-NetConnection, sai sunan uwar, sai -Port 445. In ƙarshen amsar ya ce True, ƙofa a buɗe take.

Na biyu shi ne karon adireshi, kuma shi mutane ƙalilan suka sani. Ku ɗauka kuna zaune a birnin Damagaram, kuka aiki yaro Sabon Gari, alhali Sabon Garin Kano kuke nufi. Yaro ba zai hau mota ba, wanda ke kusa zai nufa, ya dawo ya ce bai ga gidan ba. Haka kwamfuta take. Akwatunan Wi-Fi masu yawa suna fitowa daga kamfani da lambobi masu farawa da 192.168.1 ko 192.168.0, kuma ƙananan ma'aikatu da dama ba su taɓa canja nasu ba. In lambobin gidanku da na buro sun zo iri ɗaya, na'ura za ta nemi uwar a cikin gidanku, ba za ta bi ta VPN ba. Akwatin Starlink, wanda ya fara aiki bisa izini a Nijar a 2025, shi ma da 192.168.1.1 yake zuwa. Shi ya sa mutum zai ga intanet na gudu kamar iska, bidiyo ba ya tsayawa, amma dosiyen aiki ya ƙi. Don a tabbatar, a rubuta ipconfig a baƙin allon nan a kwatanta lambar da ta uwar. Ko kuma a bar akwatin a koma kan rabon intanet na salula: iPhone yana ba da lambobi masu farawa da 172.20.10, ƙananan akwatunan Huawei na aljihu galibi 192.168.8. In dosiye ya buɗe da wannan canji, an kama ɓarawon. Gyaran dindindin shi ne a canja lambobin akwatin gida, ko ma'aikata ta canja nata.

Kalmar sirri, madannai da agogo

In na'ura ta riƙa tambayar suna da kalmar sirri tana sake tambaya, ko ta ba da lamba 86 ko 1326, albishir ne ta wani gefe: an isa ƙofar, mai gadi ne ya ƙi. Kada ku yi ta gwadawa barkatai. Ma'aikatu da yawa sun tsara cewa bayan kuskure kaɗan a jere sai a kulle asusun mutum, kuma in ranar Asabar ce, sai Litinin.

Abin da muke roƙo a fara dubawa shi ne madannai. Kwamfutocin da ke zuwa daga Faransa tsarin AZERTY gare su, waɗanda ake sayowa a Kano ko Dubai galibi QWERTY ne. A tsakaninsu A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, M ya ƙaura, kuma a AZERTY lambobin layin sama ba sa fitowa sai an riƙe maɓallin manyan baƙaƙe. Windows yana iya juyawa daga wannan tsari zuwa wancan in hannu ya taɓa Alt da Maj tare, kuma tunda kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, mutum ba ya ganin ɓarnar. Ku dubi ƙasan allo ta dama, FRA ne ko ENG? Karkatacciyar sandar nan ta cikin adireshi, \, a AZERTY ana samunta da AltGr da 8. Ana bukatarta wajen rubuta suna ma, don sau da yawa uwar tana son a sa sunan yankin ma'aikata, sai sandar, sai sunan mutum.

Sai tsohuwar kalmar sirri. Wanda ya canja tasa a buro kafin ya taho, ko wa'adinta ya cika yana hanya, na'urarsa tana iya ci gaba da miƙa tsohuwar a ɓoye, har ta jawo masa kulle bai san dalili ba. Ma'ajiyarta ita ce « Gestionnaire d'identification », ɓangaren Windows. A nemo layin da ke ɗauke da sunan uwar a cire shi, a sake shiga da sabuwa. Lamba 1219 kuma tana nufin an riga an shiga uwar da wani suna, ana kuma son shiga da wani, abin da Windows ba ya yarda. Umurnin net use yana nuna duk igiyoyin da ke ɗaure. Da net use Z: /delete ake kwance ta harafin Z, sannan a sake ɗaurawa ta « Connecter un lecteur réseau ».

Agogo ma yana hana shiga, kuma wannan ya fi shafar ƴan'uwanmu masu zuwa daga Turai. Tsarin tantance mutane da manyan ma'aikatu ke amfani da shi, Kerberos, bisa al'ada ba ya yarda agogon na'ura da na uwar su saɓa fiye da minti 5. Lokacin bazarar Turai, Faransa tana gaban Nijar da awa ɗaya. Mutum ya iso gida, ya ga agogo ya yi gaba, sai ya mayar da shi baya da hannu, ya bar yankin lokaci a kan Paris. A ido daidai ne, a lissafin na'ura kuwa ya kauce da awa guda cur. Abin da ya dace shi ne a canja yankin lokacin zuwa « Afrique centrale - Ouest », a bar agogon ya daidaita kansa. Tsohuwar kwamfuta ta gwanjo da ke wayar gari da kwanan watan shekarun baya, ƙaramin batirinta na ciki ne ya mutu, mai gyara zai canja shi da kuɗi kaɗan.

Lamba 5, « Accès refusé », ba ta da magani a hannunku. An san ku, amma ba a ba ku izinin wannan dosiye ba. Sai shugaban aiki ya nema muku.

Akwai kuma tsofaffin akwatunan ajiya da wasu ƙananan ma'aikatu ke amfani da su a madadin uwar kwamfuta, waɗanda SMB na farko kaɗai suka iya. Tun ƙarshen 2017 Microsoft ya fara janye shi daga sababbin Windows 10, kuma Windows 11 na zubin 24H2 ya ƙara tsanantawa kan shiga dosiye babu kalmar sirri. Za ku ga bidiyoyi a YouTube suna koya yadda ake mayar da tsohon. Mu ba mu ba da wannan shawara ba, ƙofar da WannaCry ta bi ke nan. Shi kansa Windows 10, tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

Ya buɗe, amma da jan ƙafa

Inda takardu ke lalacewa da gaske ba wajen jan X ba ne, nan ne. An ƙera SMB ne don kwamfutocin da ke gini ɗaya, kuma mai yawan tambaya ne: kafin fishiye ɗaya ya buɗe, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa fayil, sai an yi kai da komo da yawa. A buro kowace tafiya ƙiftawar ido ce. Daga Gidimuni kuwa sai saƙo ya hau eriya, ya bi hanyoyin kamfani har inda uwar take, ya dawo. Ko da an shimfiɗa fibar daga Damagaram zuwa Magarya da iyakar Najeriya, cikin aikin da Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗinsa, zangon ƙarshe tsakanin salularku da eriya ta iska yake bi. In rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke daidai lokacin da Excel ke ajiyewa a can, aikin na iya tafiya, fishiyen ma ya samu rauni.

Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a kwafo fishiyen zuwa na'ura, a yi aikin a nan, a mayar da shi in an gama, a kuma sanar da abokan aiki kada wani ya taɓa na can a tsakani. Wajen mayarwa a ƙara kwanan wata a sunan, maimakon a danne na asali. Manhajojin lissafin kuɗi da rumbunan bayanai irin na Access su kam ba a buɗe su kai tsaye ta VPN, don yankewa ɗaya tana iya ɓata littafin kowa da kowa. Ga irinsu a roƙi « Bureau à distance », inda aikin ke gudana a kwamfutar buro, hoton allo kaɗai ke zuwa muku. In an yanke, komai na nan yadda kuka bar shi, kuma bai cika cin mega ba.

Bayan yankewa, Word ko Excel yakan ce wani yana riƙe da fishiyen, sai dai « lecture seule », kuma sunan da zai nuna naku ne. Uwar ce ba ta riga ta gane kun fita ba. A ɗan jira, in ya daɗe mai kula da ita zai saki riƙon. In kuma ƙananan takardu suna wucewa amma manya suna tsayawa a tsakiya kullum, ku ambata masa MTU, wato girman ƙunshin da hanyar ke iya ɗauka, zai gane.

Kalmomi biyu kada a haɗa su. « Déconnecter » a kan harafin yana cire allon ne kawai, takardu suna nan lafiya. « Supprimer » a cikin dosiyen kuwa yana goge abin daga uwar, ga kowa, kuma bisa tsarin da aka saba ba ya faɗawa kwandon sharar na'urarku. Wanda hannunsa ya kuskure ya kira buro nan take. In ma'aikata ta kunna « Versions précédentes » ko tana da ajiyar dare, ana iya dawo da shi.

Kafin a taso, da lokacin neman taimako

Mai shirin zuwa gida ya gwada VPN da dosiyen ta layin salularsa tun yana gari, ya rubuta cikakken adireshin dosiyen da lambar uwar a takarda, ya sabunta kalmar sirri in wa'adinta ya kusa. Masu zuwa daga ƙetare su tambayi ma'aikatarsu tun da wuri, don wasu kamfanoni suna toshe shiga daga ƙasashen da ba sa cikin jerinsu, wasu ma dokar aikinsu ta hana fita da na'urar ba izini. Kuma in lambar tabbatarwa ta SMS take zuwa a layin Faransa ko na Najeriya, a tabbata layin zai karɓi saƙo a Nijar.

Mai gyaran salula na kasuwa yana iya taimakawa kan caji da batiri da akwatin Wi-Fi, amma kalmar sirrin aiki ba tasa ba ce, ba kuma ta ɗan ɗaki mai wayon kwamfuta ba. Duk abin da aka yi da sunanku, ku za a tambaya. Wanda ya kira ya ce daga buro yake, a sa masa AnyDesk ko TeamViewer ya shiga ya gyara, a katse a kira lambar buron da aka sani.

In za ku rubuta wa mai kula da kwamfutoci, « ba ya aiki » ba ya isarsa. Ku ɗauki hoton saƙon da lambarsa, amma kada takardun mutane su fito a hoton. Ku faɗa masa layin da kuke kai, ko VPN ya nuna ya haɗu, abin da ping ya amsa da suna da kuma da lamba, lambar da ipconfig ya nuna, da ranar ƙarshe da dosiyen ya buɗe muku.